Nazarin Lamari: Zauren Masu Karatun Wata Marubuciya, Daga Tarwatsewa Zuwa Farfaɗowa

Asalin zauren

Marubuciyar da wannan nazari ya shafa tana sakin labaranta ne babi-babi a Wattpad, manhajar karatu da aka kafa a birnin Toronto na Kanada a 2006, wadda ke ba mai karatu damar ajiye sharhi a gefen kowane sakin layi. Littafinta na uku ne ya fara ja mata jama'a. Labarin wata budurwa ne da maza biyu ke nema: ɗaya mai haƙuri da kawaici, ɗayan mai zafin rai, amma ta zana rauninsa yadda duk wanda ya karanta sai ya tausaya masa ko bai so ba.

A farkon 2022 masu karatu suka matsa mata ta buɗe zaure a WhatsApp, tunda a can suke wuni. Ta buɗe, ta ajiye mahaɗin shiga a shafinta, ta yi alkawarin babi uku a mako. Ita kaɗai ce admin. A lokacin mutum 256 ne iyakar abin da zaure ɗaya ke ɗauka, nata kuwa bai kai rabin haka ba a watannin farko.

Waɗanda suka riski wannan zamanin har yau suna kewarsa. Babi na sauka sai a yi tsit ana karatu, can sai sharhi ya fara zuba. Akwai wadda takan kwafo jimla ɗaya da ta fi taɓa mata zuciya, ta rubuta dalili a ƙarƙashi. Akwai wadda ta fi marubuciyar riƙe lissafin shekarun mutanen cikin labarin, in aka yi tuntuɓe ta tuna mata, a gyara cikin raha. Idan aka kwana biyu ba a ji ɗuriyar wata ba, sai a yi cigiyarta. Da yake an saba, wasu har labarin zaman gidajensu suke bayarwa idan babi ya taɓo abin da ya yi kama da nasu. Marubuciyar tana amsa kusan kowane saƙo, kuma daɗin sharhi ya sa babi uku a mako ya koma kusan kullum, ba tare da an taɓa sanar da canjin ba.

Yadda manhajar ke aiki a wancan lokaci ya shiga cikin duk abin da ya biyo baya. Kowa a zaure yana ganin lambar wayar kowa. Duk wanda ya samu mahaɗi zai faɗo ciki ba tare da neman izini ba. Sabon shiga ba ya ganin komai na abin da aka tattauna kafin zuwansa. Idan kuma wani ya fita, sai sanarwar fitarsa ta bayyana a gaban kowa.

Tsakiyar 2022: zaure ya cika, kai ya rabu

Kafin rabin shekara zauren ya cika maƙil, wasu na jiran gurbi. Da kamfanin ya ɗaga adadin zuwa 512, ta sake sakin mahaɗin, cikin 'yan kwanaki aka cike guraben. Sababbin sun shigo a tsakiyar labari kuma a tsakiyar hira, ba su san wa ya daɗe ba, ba su san me aka saba ba. Saƙonni iri biyu suka mamaye zauren: "Anti, a turo mana daga farko," da "Anti, yau babu ci gaba ne?" Tunda an saba da kullum, ranar da babi bai zo ba sai a ɗauka an saɓa alkawari.

A daidai lokacin ne masu karatu suka kasu gida biyu, kowane ɓangare da saurayin da yake goyon baya, wasu har suna liƙa sunan gwaninsu a jikin nasu sunan. Da wasa aka fara, ita ma marubuciyar tana zuga abin da tambayar wa ake ganin zai yi nasara, domin ta ga yana ƙara armashi. Sannu a hankali maganar ta bar kan mutanen labari ta koma kan masu karatu. Magoya bayan mai zafin rai aka ce musu ba su san darajar kansu ba, magoya bayan mai haƙuri aka ce musu ba su san so ba. Abin da ya fi ciwo, labaran gida da wasu suka bayar lokacin da zauren yake ƙarami sai aka riƙa tono su ana yi musu gori.

Ga kuma wata ƙaramar rigima da ba ta ƙarewa. Masu karantawa da safe suna fasa ƙwai tun kafin masu karantawa da dare, bayan tashi daga aiki, su buɗe babin.

Daren taron dangi

Wadda ke riƙe da lissafin shekaru ce ta rubuta dogon sharhi. Ta fara da yabo, sannan ta ce a babin ranar jarumar ta yafe wani babban wulaƙanci cikin shafi ɗaya, alhali yarinyar da aka nuna a farkon littafin ba mai saurin sauka ba ce. Ta ce tana ganin saurin da ake yi ne ya fara taɓa labarin, ta ba da shawarar a koma babi uku a mako. Babu zagi ko ɗaya a ciki.

Marubuciyar ta ga saƙon da daddare, bayan ta shafe sa'o'i tana taifin a waya. Amsarta layi ɗaya ce: duk wanda labarin bai yi masa ba, ƙofa a buɗe take. Masoyanta suka ɗauki wannan a matsayin izini. Aka yi wa mai sharhin ca, ana kiranta 'yar hassada. Wasu suka ɗauki lambarta suka bi ta ta bayan fage da saƙonni da kira, wata kuma ta ɗauko hoton da ke kan lambarta ta sako a zaure ana yi masa dariya. Kafin gari ya waye ta fita. Tsofaffin 'yan zaure da dama suka bi bayanta, kowace fita da sanarwarta, ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallo.

Marubuciyar ta goge nata saƙon. Na sauran kuwa ba ta da ikon taɓawa, domin damar da ke ba admin ikon goge saƙon wani a zaure sai daga baya a cikin shekarar ta iso, haka ma damar fita ba tare da an sanar da kowa ba. Ba ta nemi wadda aka ci wa mutunci ba.

Gyara na farko: dokoki da kulle

Ta rubuta dokoki goma sha biyar ta saka a zaure. Kafin yamma sun nutse ƙarƙashin saƙonni, don a lokacin babu hanyar maƙale saƙo a sama, wannan sai a Disamba 2023 ta zo. Hukunci kuma a hannunta yake ita kaɗai. Idan wadda ta saba kare ta ce ta karya doka, sai ta kau da kai. Idan mai yawan suka ce, nan take a cire ta. Ba da gangan take yi ba, amma mutane sun lura, kuma sun faɗa.

Da abin ya ƙi, sai ta kulle zauren da tsarin nan na admin kaɗai ke iya magana, wanda ke nan tun 2018. An samu shiru. Sai dai hirar ba ta mutu ba, ƙaura ta yi. Kowane ɓangare ya buɗe nasa ƙaramin zauren da marubuciyar ba ta ciki, ana kwafar babi ana kaiwa can, daga can kuma ya bazu wasu wurare an yanke sunanta. Ta ɗora alhakin komai a kan masu fitar mata da littafi, ta fara cusa sunanta a tsakiyar kowane babi. Wannan ya rage satar suna, amma bai taɓa rigimar ba. Ita kanta rubutun ya fara yi mata nauyi, domin sharhin da ke ƙara mata kuzari ya ɗauke. Bayan mako uku ta buɗe zauren.

Gyara na biyu: ba sharhi, ba ci gaba

Da aka buɗe, sharhi mai nama ya yi ƙaranci. Masu iya yin sa ko sun fita, ko sun ga abin da ya samu wadda ta yi. Marubuciyar ta sanar cewa ba za ta ƙara sakin babi ba sai an yi sharhi, kuma duk wanda ba ya magana za a cire shi.

Abin da ya biyo baya ambaliyar "mun gode" ce, da "Allah ya ƙara basira", da sitika. Mutane suna rubutawa don kada a cire su, wasu tun kafin su karanta babin. Duk da haka ta cire fiye da mutum ɗari. Wasu daga cikinsu suka rubuto mata cewa tun littafinta na farko ba su taɓa tsallake babi ba, magana cikin taro ce kawai ba ɗabi'arsu ba. Guraben da suka bari kuwa baƙi suka cike ta mahaɗin da har lokacin yake yawo.

Yawan masu shiru a irin wannan wuri sananne ne. Tun 2006 masanin amfani da intanet Jakob Nielsen ya bayyana cewa a yawancin dandalin da jama'a ke haɗuwa, kusan kashi 90 cikin ɗari karatu kawai suke yi, kashi 9 kan tofa albarkacin bakinsu jifa-jifa, kashi 1 ne ke yin mafi yawan magana.

Nuwamba 2022: an jefa ƙuri'a a kan ƙarshen labari

A wannan watan WhatsApp ya fito da abubuwa uku da suka shafi lamarin: jefa ƙuri'a a cikin zaure, ɗaga adadin mutane zuwa 1,024, da tsarin Communities mai haɗa zauruka da yawa ƙarƙashin inuwa ɗaya. Ta ɗauki biyun farko ta bar na ukun.

Tunaninta shi ne idan masu karatu suka zaɓi wanda jarumar za ta aura da kansu, faɗa ya ƙare. Sai aka shiga yaƙin neman zaɓe. Kowane ɓangare ya jawo ƙawaye da 'yan uwa da ba su taɓa karanta layi ɗaya na littafin ba, don kawai su danna. Da yake ana ganin abin da kowa ya zaɓa, sai aka riƙa bin sunaye ana tsangwama. Mai zafin rai ne ya ci, alhali tun farko ba a kansa ta gina ƙarshen labarin ba. Dole ta lanƙwasa babi bakwai na ƙarshe, ta kawar da ɗayan da wata tafiya da babu abin da ya share mata hanya a baya. Waɗanda suka sha kaye suka fita suna tsinuwa. Waɗanda suka ci kuma suka ce ƙarshen ya yi lami. Ta rufe littafin a ƙarshen shekara ba ta ko son sake buɗe shi.

Farkon 2023: ƙaura da ajiye alƙalami

Wani ya ba ta shawarar komawa Telegram, kuma a takarda shawarar tana da ƙarfi. Zaure a can yana ɗaukar mutum 200,000, ana iya ɓoye lambar waya, ana maƙale saƙo a sama, sabon shiga na iya ganin tsohuwar hira, akwai kuma tsarin da ke tilasta wa mutum jira kafin ya sake tura saƙo. Kusan duk gibin da aka gani a baya akwai maganinsa.

Waɗanda suka bi ta ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma mafi yawansu masu zafin ne, don su ne za su sauke sabuwar manhaja saboda marubuciya ɗaya. Ita ce dai admin, ita ce mai hukunci. Ta fara littafi na huɗu, a babi na shida ta tsaya. Wata biyu ba ta rubuta komai ba. Abin da ta gaya wa na kusa da ita shi ne duk jimlar da ta fara, sai ta ji tana lissafin wane ɓangare ne zai yi fushi da ita.

Maris zuwa Satumba 2023: sabon tsari

Tsofaffin masu karatu uku ne suka same ta, ɗaya daga cikinsu tana cikin waɗanda suka fita a daren nan. Sun ce za su riƙe mata zauren, da sharaɗin ta sakar musu ragama gaba ɗaya, kuma ta fara neman afuwar wadda aka yi wa taron dangi. Ta kira ta, sannan ta rubuta a bainar jama'a cewa sharhin gaskiya ne kuma amsar da ta bayar ce ta buɗe ƙofar cin mutunci.

Aka dawo WhatsApp, wannan karon da tsarin Communities. Babi da sanarwa suna sauka a zauren sanarwa, inda admin kaɗai ke rubutu kuma mambobi ba sa ganin lambobin juna. Aka buɗe zauren sharhi ga waɗanda suka riga suka karanta babin ranar, don haka wanda bai karanta ba ya san inda zai kauce wa. Aka ware wani na hirar duniya. Aka soke tsohon mahaɗi, aka kunna damar tantance masu neman shiga, wadda ta fito a Maris ɗin. Da gangan aka hana zauren sharhi wuce mutum ɗari biyu, da ya cika sai aka buɗe na biyu maimakon a faɗaɗa shi.

Dokoki goma sha biyar suka koma huɗu, kuma 'yan zaure ne suka tattauna suka zaɓe su da ƙuri'a. A soki littafi yadda aka ga dama, amma ba a taɓa mutum. Ba a bin kowa ta bayan fage sai da yardarsa. Ba a fasa ƙwai a wajen zauren sharhi. Ba a tambayar ci gaba a ranar da ba ta babi ba. Hukunci hawa-hawa ne: jan kunne a keɓe, sai goge saƙo, sai dakatarwa ta mako ɗaya, sannan kora. Bin mutum ta bayan fage ne kaɗai ke kai ga kora kai tsaye. Babu wanda ake cirewa sai admin biyu sun amince.

Ɓangaren da ya fi yi wa marubuciyar wuya shi ne nata. Ta fita daga zaurukan sharhi, tana shigowa yamma ɗaya a mako ta amsa tambayoyi ta tafi. Ɗaya daga cikin admin ce ke tattara mata muhimman sharhi, yabo da suka, ta aika mata a saƙo ɗaya. Ba ta koma sakin littafi na huɗu ba sai da ta tara babi goma a ajiye, sannan ta tsayar da babi biyu a mako a ranakun da kowa ya sani. Don haka duk abin da aka faɗa yau, babin gobe an riga an gama shi tuni.

Gwaji ya zo cikin wata na biyu. Ɗaya daga cikin manyan masoyanta, wadda ta daɗe tana kare ta, ta zagi wata da ta ce wani babi ya yi tsawo. Bayan jan kunne ta maimaita, aka dakatar da ita. Ta garzaya wurin marubuciyar: "Anti, ni za a yi wa haka a zaurenki?" Marubuciyar ta gode mata da ƙauna, ta ce hukuncin ba a hannunta yake ba. Mako na cika matar ta dawo. Daga ranar ne dogon sharhi ya fara dawowa.

A Satumba, da tsarin tasha na WhatsApp, wato Channels, inda masu tashar kaɗai ke rubutu mabiya na karantawa, ya bazu a duniya, aka mayar da sanarwa can. Mai son karatu kawai yana bi ba tare da an ga lambarsa ba, in ya so ya danna alamar jin daɗi, in bai so ba babu mai tuhumarsa.

Inda aka kwana

Ta kammala littafi na huɗu a kan ƙarshen da ta tsara tun farko. An yi gardama mai zafi a kansa, amma ba a kori kowa saboda ita ba. Yawan masu magana bai koma yadda yake lokacin cikar zaure ba. Kwafar babi ba ta daina ba. Wasu tsofaffin 'yan zaure ba su dawo ba har yau. Mai lissafin shekaru ta dawo, kuma yanzu tana cikin mutum biyu da ke karanta babi kafin a sake shi.

Me ya sa wannan ya yi aiki, sauran suka gaza

Da sauƙi a ce sababbin damar da manhaja ta kawo ne suka warware lamarin. Sun taimaka ƙwarai, musamman ɓoye lamba da tantance masu shiga. Amma zaman Telegram ya nuna iyakarsu, domin can an samu kayan aikin duka, aka kuma koma gidan jiya. Abin da bai canza ba a dukan gyare-gyaren da suka gaza shi ne matsayin marubuciyar. Ita ce ake magana a kan aikinta, ita ce mai gida, ita ce alƙali. Mutum ba ya iya yin adalci tsakanin mai yabonsa da mai sukarsa da tsakar dare, a gajiye, a kan abin da ya gama rubutawa da hannunsa. Masoya kuma suna karanta fuskar gwaninsu, layi ɗaya na ɓacin rai ya ishe su. Ba na ganin laifin ƙaunarsu, ita ce ta gina zauren tun farko. Rashin wanda zai tsaya tsakani ne ya mayar da ita makami.

Na biyu shi ne tazara. Matsin masu karatu a kan mai sakin labari kashi-kashi tsohon abu ne. Marubucin Birtaniya Arthur Conan Doyle ya kashe jarumin labaransa, mai binciken laifuka Sherlock Holmes, a 1893, kuma ƙorafin masu karatu da tayin masu mujallu suka sa ya dawo da shi a raye a 1903. Amma shi yana da edita da gidan waya da shekaru goma tsakaninsa da masu ƙorafi. Marubuciyar nan daƙiƙa kaɗan ce tsakaninta da nata. Babi goma na ajiya da yamma ɗaya a mako sun mayar mata da wannan tazarar. A ganina ƙuri'ar Nuwamba ce mafi munin matakan da aka ɗauka, domin ta miƙa wa jama'a abu ɗaya da ba nasu ba. Zaure nasu ne, kuma daidai ne su zaɓi dokokinsa. Ƙarshen labari kuwa na wadda ta san dalilin kowane babi ne.

Na uku, tsarin da matan uku suka kafa ya yi daidai da abin da Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta gano a nazarinta kan al'ummomin da ke tarayya a makiyaya da ruwan ban ruwa da wuraren kamun kifi. Waɗanda suka ɗore su ne masu iyaka bayyananniya ta wa ke ciki, waɗanda mambobi ke da hannu a kafa doka, hukuncinsu na hawa mataki-mataki, kuma akwai hanyar sasanta rikici cikin sauri. Korar masu shiru ta saɓa wa wannan ta kowace fuska: ta hukunta waɗanda ba su yi laifi ba, ta bar masu yi.

Akwai rauni ɗaya da tsarin bai magance ba. Duk nauyin yana kan mutanen da ke aiki kyauta, suna karanta ɗaruruwan saƙonni, suna shan zagin da a da marubuciyar ke sha. Ɗaya daga cikin ukun ta ajiye aikin saboda gajiya kafin littafi na huɗu ya ƙare, aka yi ta neman wadda za ta maye gurbinta ba a samu ba. Har zuwa lokacin da aka fara littafi na biyar, mutum biyu ne ke riƙe da aikin da aka tsara wa uku.